Masoya waƙoƙin fim a Tasawa da Mayahi: Suna biyan kuɗin ƙofa, amma ina makaɗan?

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, ko kuma Babbar Sallah ta ƙarato, hirar da ake yi a fadojin samari na Tasawa da Mayahi takan sauya. Bayan zancen ɗinki da tsadar rago, sai a koma kan tambaya guda: wane mawaƙin Kannywood ne zai tsallako Nijar bana, kuma a ina zai sauka?

Amsar ba ta cika canzawa ba. Yamai, Maraɗi, Damagaram, wani lokaci Tawa ko Agadas. Tasawa tana kan babban titin da ya haɗa Maraɗi da Damagaram, kusan a tsakiyarsu, don haka idan mai shirya wasa bai hango riba a tsayawa ba, rabon mutanen garin shi ne su ga wucewar motoci. Mayahi kuwa, da ke arewa da babban titin, a bakin Gulbin Kaba, ko wucewar ma ba ta gani.

Shi ya sa masoyin gaske shi ke tashi ya bi waƙa inda take. Daga Tasawa zuwa Maraɗi tafiyar kimanin kilomita 120 ce, daga Mayahi kuma kimanin 90, ta Cadawa. Wanda ya fito daga ƙauyukan Urafan ko Kanambakashe ko Maijirgi, sai ya fara hawa kabu-kabu kafin ya kai inda zai samu mota. A lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin ƙofa, da abin da za a ci, da ɗan abin da za a liƙa wa mawaƙi don kada a ji kunya, sai a ga saurayi ya kashe abin da ya fi ribar kwanaki a kasuwa. Mafi yawa ba sa kama ɗaki. Wasa kan kai tsakar dare, a ƙarasa daren a gidan ɗan'uwa ko a tasha, da asuba a kamo hanya.

Abin tambaya a nan shi ne, me yake samu bayan duk wannan ɗawainiya?

Dandalin Soyayya

A Nijar, da daɗewa ba a cewa Kannywood. Sunan da aka san fina-finan Hausa da shi shi ne Dandalin Soyayya, ko a taƙaice dandali, waƙoƙinsu kuma waƙoƙin dandali. Sun shigo ne a kaset ɗin bidiyo, ta hannun 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi, daga baya suka koma faifan CD, yanzu kuma suna cikin memori da wayar hannu. A kusan kowace kasuwar ƙauye akwai rumfar mai cajin waya da ke tura waƙoƙi, kuma 'yan cin-rani da ke dawowa gida gab da damina kan zo da sababbi.

Ba abin mamaki ba ne da waɗannan waƙoƙi suka samu gindin zama a wannan yanki. Tarihin Tasawa da na Maraɗi a ɗaure yake da na Katsina tun bayan jihadin ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Haɓe suka yi ƙaura zuwa arewa. Harshe ɗaya ne, auratayya ba ta yanke ba, kasuwanni kuma suna ci da juna. Ban da haka, ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi daɗewa suna ɗauke da fina-finan Kano 'yar jihar ce: Binta Labaran, wadda duniya ta sani da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi ce.

Masoyin waƙar fim ya bambanta da mai kallon fim kawai. Mai kallo jarumi yake gani yana rawa yana motsa baki. Masoyin waƙa ya san cewa muryar ba ta jarumin ba ce. Yana iya rarrabe muryar Misbahu M. Ahmad da ta Mudassir Ƙasim tun daga layin farko, ya san inda Maryam A. Baba ta amsa da inda Zuwaira Isma'il ta amsa, ya san zamanin da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa suka karɓe kasuwa, da yadda Umar M. Shareef da Hamisu Breaker suka biyo baya. Irinsa ne ke damun masu shirin zaɓi-sonka a gidajen rediyo da kira, kuma shi ake nema idan gardama ta kaure a fada kan wane fim aka fara saka wata waƙa. Ba shi da kati, ba shi da ƙungiya mai rajista, amma aljihunsa ne ke riƙe da wasannin Sallah.

Abin da ke kan dandamali

Wasan da aka fi sani da gala yana da tsarinsa, kuma bai cika sauyawa ba ko a gidan matasa da raya al'adu aka yi shi, ko a filin kokawa, ko a farfajiyar otal. A kafa manyan lasifikoki, a tayar da janareta, mai gabatarwa ya yi ta jan lokaci. Ƙananan mawaƙa na gida su fara buɗe fage, 'yan barkwanci su biyo, 'yan rawa su taka. Sai dare ya raba kafin babban baƙo ya fito.

Idan ya fito, shi kaɗai ne da makirfo a hannu. A gefe akwai yaro ɗaya gaban kwamfuta ko waya, shi ne duk makaɗan. Ya danna, kiɗan da aka ɗauka a situdiyo a Kano ya tashi, sau da yawa har da muryar mawaƙin a ciki. Wani mawaƙin yakan ɗora muryarsa a kan ta faifan, wani kuma baki kawai yake motsawa, abin da 'yan masana'antar ke kira mamin. Inda mace ke amsawa a waƙar, muryarta za a ji daga lasifika alhali tana can gida.

Jama'a dai suna murna. Ana ihu, ana ɗaga wayoyi, masu hali suna hawa su yi liƙi. Ga wanda bai taɓa ganin tauraronsa ido da ido ba, wannan kaɗai ya biya. To amma wanda ya halarci wasa uku ko huɗu yakan fara lura da wani abu: waƙar da ya ji a daren nan ita ce daidai wadda ke cikin wayarsa, ba ƙari ba ragi, daƙiƙa bisa daƙiƙa. Ba za a ja baitin da ya fi so ba, ba za a sassauta kiɗa don a yi wa wani kirari ba, ba za a sake amshi don jama'a sun nema ba, sai dai a mayar da faifai baya. Sau da yawa lokacin da ya fi armashi a irin wannan dare shi ne sa'ad da janareta ya shaƙe, kiɗa ya ɗauke, taro ya ci gaba da rera waƙar da baki, mawaƙi kuma ya ga ba makawa sai ya fito da muryarsa ta ainihi.

Wannan ba ƙaramin koma-baya ba ne a ƙasar da ta san Shata. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ya fita sai da makaɗan kalangunsa da 'yan amshi, kuma waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu a bakinsa. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai yakan riƙe taro. Kakannin samarin da ke cika filin gala a yau sun san wannan, su kuwa jikokin an saba musu da kallon mutum yana bin faifai.

Waƙar da aka haifa a cikin fiyano

Laifin ba na lalaci ba ne kawai. Asalin kiɗan ne haka.

Lokacin da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, ba a da wata masana'antar kiɗan fim. Masu shirya fina-finan sun taso ne da kallon fina-finan Indiya, waɗanda suka mamaye gidajen silima na ƙasar Hausa shekaru da dama, kuma daga can suka ɗauko tsarin saka waƙa da rawa a tsakiyar labari, da tsarin mawaƙi ya rera a ɓoye jarumi ya hau a fili. Sai dai sun ɗauko rabi ne suka bar rabi. A Mumbai, bayan muryar Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi ko Kishore Kumar akwai gomman makaɗa zaune a ɗakin ɗaukar sauti, masu goge irin na Turawa da masu sarewa da masu ganguna. A Kano kuɗin da ake kashe wa fim ɗin gaba ɗaya bai isa ya biya irin wannan tawaga ba.

Abin da ya cike gurbin shi ne fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka fara amfani da shi a shekarun 1990. Na'ura ɗaya ce mai ɗauke da sautin ganga da sarewa da goge da sauransu, mutum ɗaya ya zauna ya haɗa su cikin 'yan sa'o'i. Waƙoƙin fim ɗin Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, sun nuna cewa wannan hanya tana kawo kuɗi, daga nan kowa ya bi. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin fiyanon, aka ƙara da manhajar da ke gyara murya tana sa ta rawa kamar ta ƙarfe.

Ma'ana, yawancin waƙoƙin da masoya ke hadda ba a taɓa kaɗa su da hannun mutane a tare ba, ko sau ɗaya. Babu tawagar da za a ce ta zo da su dandamali, domin tun farko ba a kafa ta ba. Duk wanda zai rera su kai-tsaye sai ya zauna ya rarraba kiɗan: wannan na mai kalangu, wannan na mai jita, wannan na mai sarewa, sannan a yi makonni ana gwaji.

Bai kamata a raina wannan kiɗa don asalinsa ba. Ya yi tasirin da ya wuce ƙasar Hausa. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawa da yanzu ke zagaya Turai da Amurka, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa. A 2013 kuma kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa a faifai mai suna Harafin So. Abin lura shi ne Mdou Moctar bai tsaya a na'ura ba, ya kafa tawaga ta mutane masu kaɗawa da hannu, kuma da ita ya shiga duniya.

Yadda ake yi a wasu wurare

A Turai da Amurka da Japan, zuwa sauraron kiɗan fim kai-tsaye wata harka ce mai zaman kanta, da masoyanta da ke tara kuɗi su bi ta daga gari zuwa gari. Akan tara makaɗa saba'in zuwa ɗari a dandamali ɗaya, kowa da takardar kiɗansa a gabansa, da jagora a tsaye yana ba da umarni da ɗan sanda. Wani lokaci akan haska fim ɗin a babban allo, a cire kiɗansa, makaɗan su riƙa kaɗa shi daidai da abin da ke gudana a hoton.

John Williams, wanda ya tsara kiɗan fina-finan Star Wars, ya jagoranci babbar tawagar makaɗa ta birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a watan Janairun 2020, yana da shekara 87. Hans Zimmer, Bajamushen da ya ci kyautar Oscar da kiɗan The Lion King sannan ya sake ci a 2022 da Dune, yana cika manyan filaye, kuma mawaƙin Afirka ta Kudu Lebo M na cikin waɗanda ke fitowa tare da shi. A Indiya ma A. R. Rahman yana yawo da tawagarsa.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na fim ɗin Black Panther. Wanda ya tsara kiɗansa, Ludwig Göransson, sai da ya je Senegal ya yi aiki da Baaba Maal, kuma gangar da ke bin jarumin fim ɗin ita ce tama, 'yar'uwar kalangu, wadda ake matsewa a hammata. Kiɗan ya ci Oscar a 2019. Da aka zo gabatar da shi kai-tsaye a filin Hollywood Bowl na birnin Los Anjalis a 2021, makaɗin taman, Massamba Diop, yana tsaye a gaban tawagar. Gangar da a nan ake ganin ta mahauta ce da 'yan biki, can ita aka sa a gaba.

Makaɗan suna nan

Ba wanda ke cewa a kawo masu goge ɗari Tasawa. Ko kuɗin ba su, ko ɗakin da zai ɗauke su. Amma kalmar orkestira ba baƙuwa ba ce a Nijar, inda take nufin tawagar makaɗan zamani ta mutum takwas ko goma, masu jita da ganguna da kayan busa. A wannan fanni Nijar ta riga arewacin Najeriya nisa. Tun zamanin Samariya da bukukuwan matasa na ƙasa a mulkin Seyni Kountché ake gasa tsakanin jihohi. Gasar Ɗan Gurmu da ake yi a Tawa tun shekarun 1980 ta fito da mawaƙa da tawagogi da dama. A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. Mamar Kassey da Sogha da Tal National duk da hannu suke kaɗawa, kuma Tal National ta yi suna ne da kwashe sa'o'i tana wasa ba tare da faifai ba. Jihar Maraɗi kanta ta ba da marigayi Sa'adu Bori, wanda ya ɗauki kiɗan bori ya ɗora shi a kan jita, har kundin da ya yi da Moussa Poussy, Niamey Twice, ya fita a Turai a 1994.

A ƙauyukan Mayahi da Tasawa kuma har gobe akwai masu kalangu da gurmi da goge da garaya da duma, akwai mata masu kiɗan ƙwarya, akwai masu algaita da kakaki a ƙofar fada. Matsalarsu ita ce kasuwa tana ƙwacewa daga hannunsu. Bikin da a da sai an ɗauko makaɗi da yaransa, an ba su abinci da masauki da kyauta, yanzu yaro ɗaya da lasifika biyu da memori ya wadatar, kuma waƙoƙin fim ɗin ne yake sakawa. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun ajiye gangar gado sun tafi cin-rani ko haƙar zinariya a arewa. Wato a gari ɗaya ana da waƙoƙin da ba su da makaɗa, da makaɗan da ba su da aiki, kuma ba a haɗa su ba.

Dalilan da ke hana haɗuwar ba ɓoyayyu ba ne. Na farko kuɗi: mai shirya wasa ya fi son ya biya mutum ɗaya da yaronsa, ya kama ɗaki biyu, a kan ya ɗauki nauyin mutum goma. Kayan sauti ma wani abu ne, domin lasifikar da ta isa ta watsa faifai ba ta isa ta daidaita kalangu da jita da murya uku a lokaci guda ba, kuma masu iya wannan aiki ba su da yawa a wajen manyan birane. Sai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: muryar da na'ura ta gyara ba kullum take iya tsayawa da ƙafarta ba, kuma ba kowane tauraro ne zai yarda a gwada shi a gaban dubban mutane ba.

Ga kuma iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa saboda takunkumin ECOWAS, har da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. Matsalar 'yan bindiga a kan iyakar Katsina da kudancin Maraɗi ta sa tafiyar dare ta zama abin tunani. Hanyar ma kanta tana cin rai: masoya ba su manta da Ahmad S. Nuhu ba, wanda ya rasu a hatsarin mota a yankin Azare ranar 1 ga Janairun 2007, ana tsakiyar bukukuwan Babbar Sallah. Wanda ke fargabar hanya da mutum biyu ba zai yi sha'awar cika mota da mutum goma sha biyu da kayan kiɗa ba. Wannan ma hujja ce ta neman makaɗan a nan gida maimakon a jira su daga Kano.

Akwai kuma iyaye da malamai da ba sa kallon gala da idon rahama, saboda cakuɗuwar maza da mata da kaiwa dare, lamarin da ya sa 'yan mata da yawa, waɗanda su ne suka fi kowa haddace waƙoƙin, ba sa samun izinin zuwa. Wasan da za a yi da la'asar, a zaune, a ware wa mata gefensu, inda abin da aka zo yi shi ne sauraro, zai iya samun karɓuwar da gala ba ta samu ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka karɓe kasuwa daga 2020, rawa da waƙa sun ja baya a cikin labari. Mawaƙa sun koma sakin waƙoƙinsu kai-tsaye a YouTube da TikTok, ba sa jiran fim. Waƙoƙin zamanin kaset, na Sangaya da Wasila da sa'o'insu, sun zama na tuna baya, kuma waɗanda suka taso da su yanzu magidanta ne masu abin hannu, waɗanda ba za su je su yi tsalle a filin gala ba amma za su iya biyan kujera. Yawancin mawaƙan da suka rera su suna raye. Da yawa daga cikin ainihin faifan da aka ɗauka kuwa sun tafi tare da situdiyoyin da suka rufe, abin da ya rage sai kwafin kwafi da ke yawo a memori, wanda sautinsa ke ƙara dusashewa duk lokacin da aka tura shi daga waya zuwa waya.